Me Ya Sa 'Yan Sanda Ke Lallashin Mai Bindiga?

Tambaya: A labaran ƙasashen waje nakan ga mutum ya kulle kansa a gida da bindiga, ya riƙe mutane, 'yan sanda sun yi masa ƙawanya, amma sai su ɓige da hira da shi har gari ya waye, ga ƙananan jirage marasa matuƙa na shawagi. Tsoro ne ko me? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba tsoro ba ne. Sai da aka yi asarar rayuka kafin a koyi wannan haƙurin. A gasar Olamfik ta Munich a 1972, 'yan sandan Jamus sun yi yunƙurin ƙwato 'yan wasan Isra'ila daga hannun mahara da ƙarfi a wani filin jirgin sama, duka mutum tara da suka rage a hannun maharan suka mutu. Wannan na cikin abin da ya sa rundunar 'yan sandan New York ta kafa sashen masu tattaunawa a 1973, bisa jagorancin Frank Bolz da Harvey Schlossberg, ɗan sandan da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam har matakin dakta. A watan Janairun shekarar, wasu mutum huɗu sun yi garkuwa da jama'a a wani shagon kayan wasanni a Brooklyn. An kashe ɗan sanda ɗaya a farkon rikicin, amma aka daure aka jira awa 47. Waɗanda aka riƙe suka kuɓuta, maharan suka miƙa wuya.

Abin da mai tattaunawa ke nema shi ne lokaci. Wanda zuciyarsa ke tafasa ba ya jin shawara. Bayan wasu sa'o'i sai yunwa da gajiya su zo, ya fara tunanin yadda zai fita da ransa. Shi ya sa jami'in ke sauraro fiye da yadda yake magana, kuma yana gudun yin ƙaryar da za a gano. Akan ba da abinci ko taba a karɓi mutum ɗaya, makami kuwa ba a bayarwa. Kuma ba mai tattaunawar ke yanke hukunci ba, don ya iya cewa sai ya tambayi na sama, a ƙara samun rabin awa.

In jami'ai masu tattaunawa da jami'ai masu riƙe da makamai suka ja wa juna birki, abin yakan ɓaci. A wata ƙawanya da aka yi a Waco ta jihar Texas a 1993, masu tattaunawa na lallashi, abokan aikinsu na matsa lamba da motocin sulke. Bayan kwana 51 gobara ta tashi, mutum 76 suka rasu, har da yara. A 1994 hukumar FBI ta haɗe ɓangarorin biyu ƙarƙashin jagoranci guda.

Shi jirgi marar matuƙi ido ne. Kyamararsa na iya nuna ɗumin jikin mutum cikin duhu, ƙanana na shiga ta taga su duba ɗaki, wasu na ɗauke da lasifika a yi magana ta cikinsu. 'Yan sandan Chula Vista a Kalifoniya tun 2018 suke tura shi gaba idan an kira su. Amfaninsa babba, a ganina, shi ne ya nuna cewa abin da ke hannun mutum waya ce ba bindiga ba, kafin wani ya harba.

Sai dai kada a haɗa wannan da garkuwar da ake yi a dazukanmu. Can mai laifi ne aka kewaye, ba shi da mafita. Nan shi ke da daji, lokaci kuma na gefensa, iyalai ne ke ƙonewa da jira. Kuma in za a yawaita waɗannan jirage a garuruwanmu, ina ganin dole doka ta fayyace wa ke ba da izinin tashinsu da wa ke ajiye hotunan, domin tsakar gidajenmu a buɗe suke ta sama, nan mata ke harkokinsu.