Ciwon Asma da Tsadar Maganin Shaƙa

Jama'a, akwai ciwon da likitoci suka san yadda ake shawo kansa tun fiye da shekara hamsin, amma har yau yana kashe mutum sama da dubu kowace rana a duniya. Wannan ciwo shi ne asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da shi, 455,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Ingila da Amurka da Ostareliya cike suke da masu asma, amma yawancin mamatan a ƙasashen talakawa suke. Abin da ya raba mu da su shi ne magani.

Bari mu fara da sanin ciwon kansa. A cikin huhu akwai 'yan hanyoyin da iska ke bi. Na mai asma a kumbure suke daga ciki ko da yana zaune lafiya. Da wani abu ya taɓa su, sai naman da ya kewaye su ya matse, majina ta taru, hanya ta ƙuntata. Nan za ka ji ƙirji yana fito, tari ya ƙi tsayawa, galibi cikin dare ko da asuba. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba a kuma ɗaukarsa kamar tarin tibi. Ku ci tuwo kwano ɗaya da mai shi, babu komai.

Masu tayar da shi kuwa a gidajenmu suke kwana. Dubi daren hunturu: uwa ta rufe ƙofa da taga saboda sanyi, ta shigo da kaskon garwashi, ta barbaɗa turaren wuta, ta kunna igiyar sauro a ƙarƙashin gado. Duk don ƙauna ta yi. Kafin kiran assalatu yaro ya tashi zaune, kafaɗu na hawa da sauka. Ga kuma ƙurar shara, da hayaƙin murhu da na taba da na janareta, da kyankyasai.

Abin shaƙar nan da ake kira inhela, wanda ake matsawa ya fesa magani, a Amurka aka fara fito da shi a 1956. Amfaninsa shi ne magani kaɗan ya tafi huhu kai tsaye, ba sai ya zaga jiki duka ba. To, a nan ne nake roƙon mai karatu ya natsu, domin inhela iri biyu ce, kuma rashin bambanta su ya kai mutane da yawa kabari.

Ta farko ita ce mai kawo sauƙi nan take, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗiya. Cikin 'yan mintoci take buɗe hanyar iska, shi ya sa kowa ke sonta. Sai dai ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Ta biyu ita ce ta rigakafi, irin su beclometasone da budesonide, sau da yawa ruwan ƙasa. Ita ba a jin aikinta a take, sai an yi kwanaki ana shaƙa safe da yamma, sannan kumburin ya kwanta. Shuɗiyar kwashe ruwa ce daga ɗaki mai yoyo, ta rigakafin kuwa gyaran rufi. Wanda ya ga yana shanye gwangwani uku na shuɗiya a shekara, ko fiye, ya sani ciwonsa bai kwanta ba, ya koma wurin likita. Tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda ke tsara wa likitocin duniya ƙa'idar kula da asma, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗiya ita kaɗai. Ta fi son inhela mai haɗe da budesonide da formoterol, wadda ke yin aikin biyu a shaƙa ɗaya.

Duk waɗannan suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada. Amma je ka ƙaramin asibitin ƙauye ka tambaya. Ta rigakafi da wuya ka samu, in ka samu a kantin birni kuma kuɗinta ya kore ka. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, a daidai lokacin da naira ke faɗuwa, sai farashi ya ninka ninkin ba ninkin. A Amurka ma an yi ta kuka da tsada, har a 2024 manyan kamfanoni uku suka tsayar da abin da yawancin majinyata za su biya a dala 35 a wata. Mu nan wa ya tsayar mana?

Talaka sai ya koma kemis, a ƙirga masa ƙwayoyin salbutamol masu sa rawar hannu da bugun zuciya, ko prednisolone. Ita prednisolone tana ceton rai idan likita ya rubuta ta ta 'yan kwanaki, amma mai haɗiyarta wata da watanni yana sayen hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Wasu kuma da kuɗinsu suke gudun inhela, wai in ka fara ba ka bari. Wannan zance ba shi da tushe. A ganina haƙƙi ne a kan gwamnatoci su sayi inhelar rigakafi da yawa a farashin sari, su sa ta cikin inshorar lafiya, ta isa asibitin unguwa kamar yadda maganin zazzaɓi ya isa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Yara da tsofaffi da yawa ba su iya haɗa matsawa da jan numfashi lokaci guda, sai maganin ya tsaya a baki. Likitoci a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun gwada gorar roba mai cin rabin lita, suka tarar tana aiki kusan daidai da mazubin da ake sayarwa don a haɗa da inhela. A wanke gorar, a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa shi ya toshe sosai. A girgiza, a matsa sau ɗaya, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa ya ja numfashi sau biyar ko shida. Wanda ya shaƙi ta rigakafi ya kurkure baki bayan ya gama.

Idan ciwo ya tashi har mutum ya kasa ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, kada a kwantar da shi, kada a tsaya jiƙa saiwa. A zaunar da shi a miƙe, a ba shi shuɗiya shaƙa ɗaya kowane minti har goma, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti.