Ƙwaƙwalwa da 'Yancin Zaɓi: Me Gwajin Libet Ya Nuna?

Gabatarwa

Ba yau aka fara muhawara a kan ko ɗan Adam yana da zaɓi cikin ayyukansa ba. A farkon ƙarnonin Musulunci, Jabariyya sun ce bawa tilastacce ne, Mu'utazilawa suka ce shi ke samar da aikinsa, Ash'ariyya kuwa suka bi tsaka-tsaki. A Turai da Amurka tambayar ta ɗauki wani salo dabam, domin wasu masana da ba su yarda da samuwar Ubangiji ko ruhi ba suna musun zaɓi, amma ba don sun yi imani da ƙaddara ba. A wurinsu mutum jiki ne kawai, jiki kuwa ba ya fita daga dokokin sababi da sakamako. Wannan maƙala za ta dubi hujjarsu, da kuma gwajin da suka fi dogara da shi.

Hujjar Masu Musun Zaɓi

A shekarar 1814 masanin lissafin nan na Faransa, Pierre-Simon Laplace, ya ce da za a sami wani hankali wanda ya san matsayin kowace ƙwayar zarra da ƙarfin da ke motsa ta, to da zai iya lissafa duk abin da ya wuce da wanda zai zo. Masu wannan ra'ayi a yau sun ɗora wannan magana a kan ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana aika saƙo ne saboda wasu sun zaburar da ita, su ma wasu ne suka zaburar da su. Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford, a littafinsa Determined na 2023, ya bi wannan silsila baya har zuwa tarbiyya, da rayuwar jariri a cikin mahaifa, da ƙwayoyin gado. Tun da mutum bai zaɓi ko ɗaya daga cikinsu ba, in ji shi, ta ina zaɓi zai shigo?

Gwajin Libet

A tsakiyar shekarun 1960, Jamusawa biyu, Hans Kornhuber da Lüder Deecke, suka gano cewa wani motsin lantarki yana tasowa a ƙwaƙwalwa kafin mutum ya motsa gaɓarsa da gangan. A 1983 Benjamin Libet na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya auna lokacin wannan motsi. Ya manna wa mutane wayoyi a fatar kai, ya sa su kallon wani agogo mai ɗigo da ke zagayawa cikin sauri, ya ce su motsa hannu duk sa'ad da suka ga dama, sa'an nan su faɗi inda ɗigon yake a lokacin da suka ji niyyar ta zo musu.

Sakamakon ya ba da mamaki. Motsin lantarkin ya fara ne fiye da rabin sakan kaɗan kafin hannu ya motsa, ita kuwa niyya ba a ji ta ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Ke nan ƙwaƙwalwa ta riga mai ita da kusan sulusin sakan. A 2008 ƙungiyar John-Dylan Haynes a Jamus ta yi amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ta iya hasashen hannun da mutum zai danna maɓalli da shi wajen sakan bakwai kafin ya san ya zaɓa.

Iyakar Gwajin

Sai dai akwai abin lura. Hasashen na 2008 ya dace ne sau 60 kawai cikin 100, alhali wanda ya yi canke ma zai dace sau 50. Haka kuma a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna cewa mai yiwuwa motsin da Libet ya auna ba shawara ba ce, hawa da saukar da ƙwayoyin jijiya ke yi ne a kullum, wanda idan ya kai wani mizani sai gaɓa ta motsa. Bugu da ƙari, motsa hannu ba tare da wani dalili ba ya yi nisa da shawarar aure ko ta yin shaidar zur. Shi kansa Libet bai musa zaɓi ba. Yana ganin mutum na da ikon fasa aikin a ɗan lokacin da ya rage.

Kammalawa

Batun ba na ɗakin gwaji ba ne kaɗai, domin shari'a da tarbiyya duk a kansa suka ginu. Sapolsky yana ganin bai kamata a hukunta mai laifi don ramuwa ba, a tsare shi dai don kare jama'a, kamar yadda ake jingine motar da birkinta ya lalace. Daniel Dennett, wanda ya rasu a 2024, shi ma bai yi imani da Ubangiji ba, amma ya saɓa masa: mutumin da ke auna dalilai, kuma gargaɗi ke iya canza halinsa, yana da zaɓin da ya isa a ɗora masa alhaki. Abin da gwaji ya tabbatar shi ne, yawancin aikin ƙwaƙwalwa yana gudana ba da sanin mai ita ba. Cewa babu zaɓi kwata-kwata kuwa matsayi ne na falsafa, kuma wajibi ne ɗalibin kimiyya ya riƙa bambanta abin da aka auna da fassarar da aka ɗora a kansa.