Horon Dabba da Lada: Jan Hankali ga Masu Dawaki da Shanun Huɗa da Jakuna a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomi biyar na Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, da wuya a sami gidan manomi da bai dogara da ƙarfin wata dabba ba, ko dai shanun huɗa masu jan garma a jigawa da damina su koma jan amalanke da rani, ko jakin da ke kai taki gona a mangala, ko raƙumin da ke tsallako iyaka da kaya daga wajen Damagaram, ko kuwa dokin da ake kiwo shekara guda cur saboda 'yan kwanakin hawa. Babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa da sanin aiki, sai an hore shi, kuma hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce ta tsumagiya da bulala da kaimi da linzami mai tsanani. Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata hanya da ake kira horo da lada, wato a saka wa dabba da abin da take so a daidai lokacin da ta aikata abin da ake nema, har ta riƙa maimaita shi don kanta.

Masana sun daɗe da gwada wannan hanya. A shekarar 1898 wani masanin halayya na Amurka, Edward Thorndike, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da kyanwoyi, inda yakan kulle kyanwa a akwati mai sakata ya ajiye abinci a waje. Da farko kyanwar takan yi ta yaƙushi da dambarwa har ta taɓa sakatar bisa katari, ƙofa ta buɗe, amma da aka yi ta maimaitawa sai lokacin da take ɓatawa ya riƙa raguwa, har ta kai da an saka ta sai ta nufi sakatar kai tsaye. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa duk aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan ƙarfafa, dabba ta ƙara yin sa. Bayansa B. F. Skinner ya faɗaɗa binciken da ɓeraye, daga baya da tattabaru, ya fitar da littafinsa na farko a kan batun a 1938. Abin da ya fi muhimmanci ga mai dabba a cikin duk wannan shi ne dabba ba ta san laifi ko ladabi irin na ɗan Adam ba, abin da ta sani kawai shi ne abin da ya same ta nan take bayan motsin da ta yi.

Ko da yake Turawa ne suka rubuta ƙa'idar, aikin kansa ba baƙo ba ne a nan. Matar da ke kiran kajinta da murya guda kullum tana watsa musu tsaba, har su riƙa sheƙowa daga bayan danga da jin muryar, horo da lada take yi. Haka Bafulatanin da ke tafe a gaba garke na biye da shi ba igiya, domin shanun sun saba cewa kiransa ne ke kai su ga ciyawa da ruwa da lasar kanwa. Shari'a ma ta san dabba horarriya, don aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka koyar ta kamo wa mai ita, malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa alamar horuwar kare ita ce ya tafi idan an aike shi, ya tsaya idan an tsawatar masa. Sannan hadisai ingantattu sun hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, dukan kuwa abu ne da masu jaki da masu amalanke da yawa suke yi kullum ba tare da sun ɗauke shi komai ba.

Sharaɗi na farko na horo da lada, wanda mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa a kansa, shi ne lokaci. Dole lada ya iso cikin sakan ɗaya ko biyu bayan aikin, in ba haka ba dabba za ta danganta shi da wani motsi dabam da ta yi a tsakani. Saboda hannu ba ya kaiwa ga aljihu da wannan sauri, masu horo sukan yi amfani da alamar shaida, wato wani gajeren sauti guda da ba ya canzawa, kamar fito ko ƙyasta harshe ko wata kalma ƙwaya ɗaya. Ana fara yin sautin a bi shi da abinci sau da yawa, har dabba ta gane cewa sautin alkawari ne, daga nan kuma sai a riƙa yin sa a daidai ƙiftawar da ta yi daidai, abincin ya biyo baya. Wannan ƙa'ida ta lokaci ita ce kuma ke tona asirin duka. Misali, mafarauci ya yi ta kiran karensa bai zo ba, da karen ya gaji da yawo ya iso sai ya sha sanda. A ganin mafaraucin ƙin zuwa ya hukunta, amma abin da karen ya yi na ƙarshe kafin sandar shi ne zuwa, saboda haka gobe zai ƙara nisa. Duk wanda ya daki dabba bayan ta zo hannunsa, to, gudu ya koya mata.

Sharaɗi na biyu shi ne a rarraba aiki daki-daki, kada a jira dabba ta yi shi cikakke kafin a saka mata. Bijimin da aka sayo daga kasuwar Mai'adua, wanda watakila a dajin Nijar ya tashi bai taɓa ganin garma ba, ba ranar da ya iso ake ɗora masa karkiya ba, karkiya kuwa ita ce icen da ake gittawa a wuyan shanu biyu su ja tare. A kwanakin farko ya isa a ce ya tsaya an shafa masa wuya, a ba shi ɗan dusa. Bayan haka a ajiye karkiyar kusa da inda yake cin abinci ya shinshina ta ya saba, sannan a ɗora masa ita na ɗan lokaci a sauke tun bai fara fizga ba, sannan a haɗa shi da tsohon sa da ya san aiki su taka tare ba kaya, sannan su ja gungumen icce marar nauyi, garma ita ce ta ƙarshe. In ya turje a wani mataki, alama ce an yi gaggawa, sai a koma na baya. Kowane zama kada ya wuce minti goma ko sha biyar, a tashi kuma a kan abin da ya yi daidai. Kalmomin umarni, na tafiya da na tsayawa da na juyawa a ƙarshen kunya, su zama guda a bakin kowa a gidan, domin idan uba yana faɗin wata ɗa yana faɗin wata, sa ba zai san ta wa zai bi ba, a ƙarshe kuma shi za a ɗora wa laifi. Da yake damina a wannan yanki gajeriya ce, horon nan aikin rani ne, ba na ranar da aka yi ruwan shuka ba.

Doki ya cancanci dogon bayani, domin Daura garin doki ne tun daga labarin kafuwarta, wanda ya nuna Bayajida ya iso ne a kan doki kafin ya nufi rijiyar Kusugu. Hawan Sallah da Hawan Magajiya da na Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal suna jefa doki cikin duk abin da halittarsa ta tsana: ƙarar bindigogin gargajiya, da kakaki da algaita da tambura, da cunkoson jama'a, da lifidi da kayan ado masu kaɗawa a gefen idonsa. Doki dabba ce da ake farauta a daji, maganinsa ga tsoro shi ne gudu, kuma ba ya ganin abin da ke bayansa daf ko ƙarƙashin hancinsa, shi ya sa yake zabura idan aka zo masa ta nan ba zato. Bulala ba ta cire tsoro, sai dai ta ƙara wani a kan na farko. Abin da ke cire shi shi ne sabo a hankali, wato a fara jiyar da shi kiɗa daga nesa inda zai ɗaga kunne kawai bai zabura ba, a saka masa idan ya natsu, kashegari a ɗan matso, a haka har ya tsaya kusa da makaɗa yana cin harawarsa. Wannan aikin watanni ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya ce cewa ba a hawan doki da lada kaɗai. Yawancin abin da mahayi ke yi matsi ne da sassauci, wato ya ja linzami ko ya matse ƙafa, da doki ya amsa sai ya saki, sakin nan kuwa shi ne ke koyarwa, ba jan ba. Mahayin da ya ja doki ya tsaya amma bai sassauta hannu ba ya hana shi gane abin da ake so, ƙarshenta bakin dokin ya mutu, a ce ya yi taurin baki, a nemo linzamin da ya fi na da tsanani. Linzamin gargajiya mai zobe, wanda ke matse haɓa yana tokare ganɗa, yana iya tsayar da doki cak a tsakiyar sukuwa, shi ya sa ake son sa wajen jahi da zamiya a ƙofar fada, amma kumfar jini da akan gani a bakin wasu dawaki bayan hawa ba shaidar gwanintar mahayi ba ce. Dokin da aka koya wa tsayawa da murya da ɗan taɓa ragama tun yana duƙushi zai yi zamiya mai kyau da hannu mai sauƙi.

Lada ba lalle ne ya zama abu mai tsada ba: ɗan damƙin gero ko dusa ko ƙuli-ƙuli ga doki da sa, guntun ƙashi ko ɗan tuwo ga kare, kuma ana iya ɗiban sa daga cikin abincin dabbar na yau da kullum. Susa ma lada ce, don wani bincike da aka wallafa a 1993 a kan dawakin Faransa ya nuna cewa susar gindin wuya, inda dawaki kan sosa wa juna da haƙora, tana rage bugun zuciyar doki. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a horar da dabba da yunwa don ta ƙara kwaɗayin lada, domin mayunwaciyar dabba ba ta da natsuwar koyo. Kada kuma a ba doki abinci yayin da yake cusa baki a aljihu ko yana ture mutum, a jira ya kawar da kai tukuna, in ba haka ba cizo ake koya masa. Idan aiki ya zauna sosai sai a rage bayarwa, ya zama wani lokaci a ba shi wani lokaci a yaba masa da murya kawai, domin an gano cewa halin da ake saka wa jefi-jefi ya fi daɗewa bai gushe ba.

Jaki kuwa an zalunce shi da suna. Inda doki ke gudu idan ya tsorata, jaki yakan ƙame ne wuri ɗaya, wannan ƙamewa ce ake kira taurin kai a hau shi da duka. Sau da yawa ma ba tsoro ba ne, ciwo ne: gyambo a ƙarƙashin akumari, ko ƙaya a kofato, ko kaya da suka fi ƙarfinsa. Duk dabbar da ta saba aiki sannan ta sauya hali farat ɗaya, malamin dabbobi take bukata kafin mai horo.

Wanda ke shakkar iyakar abin da lada ke iya yi, ya dubi gafiya, wadda a nan ba a san ta da komai ba sai haƙa rami da satar hatsi. Ƙungiyar APOPO da ke Morogoro a Tanzaniya tana horar da gafiyoyi da alamar sauti da ladan ayaba da gyaɗa su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi, kuma rashin nauyinsu ya sa ba sa tayar da nakiyar. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ta sami lambar zinariya daga wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila a 2020 saboda aikinta a Kambodiya, wasu kuma an hore su su gano tarin fuka a cikin kakin majinyata. Ba yadda za a yi a daki gafiya ta koyi wannan.

Amma lada ba ya sauya halitta. A 1961 wasu ɗaliban Skinner biyu, Keller Breland da matarsa Marian, sun ba da labarin aladun da suka koya wa ɗaukar kuɗin katako suna sakawa a asusu, waɗanda bayan wani lokaci suka koma yar da kuɗin suna turbuɗa su da hanci kamar yadda suke tonon abinci, ko da yake hakan yana jinkirta musu lada. Saboda haka kurar da gardawa ke yawo da ita da takunkumi da sarƙa ba ta zama dabbar gida ba, ba kuma za ta zama ba ta kowace hanya, kuma kare mai cizo ba a sake shi cikin yara da sunan ana lallashinsa, sai a ɗaure shi, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a hore shi a killace.

Masu cewa talaka ba shi da lokacin lallashin jaki su yi lissafi da kyau, domin bijimin da ya tsorata da garma yakan karya karkiya ya ɓata kunya a ranar da ake tseren shuka, dokin da aka hora da tsoro kuma shi ne ke yin tutsu ya kayar da mahayi a tsakiyar taro, alhali dabba mai sanyin hali ko yaro yana iya sarrafa ta, kuma ta fi daraja ranar da aka kai ta kasuwa. Ana kira ga masu riƙe da bargar sarakuna da hakimai, da malaman gona da na dabbobi, da limamai a wa'azinsu, su ja hankalin jama'a a kan wannan, musamman yara masu kora jakuna da amalanke, tun da a hannunsu dabbobin nan suke yini.