Kifi biyu, suna ɗaya

Idan mutumin Lugu ya ji an ce «capitaine» da faransanci, giwan ruwa yake tunawa, wannan babban kifi da masunta ke kamawa a kogin Kwara, wajen Gaya. Amma a Kwatano ko Dakar, akwai wani kifi dabam da ake kira da wannan suna. Ba ya zama cikin tabkunanmu. Gidansa bakin teku ne, fiye da kilometir 800 daga garinmu.

Masana sun sa wa danginsa suna Polydactylus, wato «mai yatsu da yawa» da harshen Girka. Dangin yana da iri wajen 20. Wanda ke Afirka ta yamma ana samun shi tun daga Senegal har Angola. Tsawonsa yakan kai metir 2, ya fi dogon mutum ke nan.

To, ina yatsun? Ku dubi bayan kansa, ƙarƙashin fiffiken ƙirji. A kowane gefe akwai zare huɗu masu tsawo da suke lilo. Ba gashin baki ba ne irin na tarwaɗa, domin ba a baki suka tsiro ba. Wani sashe ne na fiffiken da ya rabu ya zama zare.

Ga amfaninsu. Inda kogi ya faɗa teku, ruwan daɗi yana gauraya da ruwan gishiri, sai ya yi zartsi, kamar na wasu rijiyoyi na cikin dallol. Kogin kuma yana kawo laka mai yawa, ruwan ya gurɓace, ido ba ya gani da nisa. A nan ne wannan kifi yake kiwo. Yakan bi ƙasan ruwa, ya baza zarurrukansa bisa yashi da taɓo, kamar yadda makaho yake lalube da sanda. In sun taɓa ƙaguwa, ko jatan lande, ko ƙaramin kifi, sai ya cafke. Bakinsa ma a ƙarƙashin hanci yake, daidai da mai cin abinci a ƙasa.

Yana da ƴan uwa biyu a wannan gaɓa, waɗanda ba danginsu ɗaya ba amma gidansu ɗaya. Ɗaya yana da gajerun zare 9 ko 10. Ɗayan yana da 5, waɗansu har sun fi jikinsa tsawo.

Shi kuwa giwan ruwa ba shi da zare ko ɗaya, kuma a ruwan daɗi yake rayuwa. Saboda haka in kun ga «capitaine» cikin littafi, ku fara tambaya: na kogi ko na teku?

Tambayoyi

1. Mene ne ruwa mai zartsi? A ina ake samun shi a ƙasarmu?
2. Me ya bambanta zaren wannan kifi da gashin bakin tarwaɗa?
3. Ku ɗauki taswira, ku bi kogin Kwara da yatsa daga Gaya har teku.