Mayen ƙarfe: wane ƙarfe yake kamawa?

Mayen ƙarfe, wanda wasu ke kira maganaɗisu, ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa kwance tsohuwar rediyo ya gan shi: wani baƙin zobe mai nauyi, manne a bayan lasifika. Yara na ɗaura masa zare su ja shi cikin rairayi, su tsinto ƙusoshi. Tela ma da shi yake neman allurarsa in ta faɗi.

Sunansa ne ke sa mutane su ɗauka kowane ƙarfe yake kamawa. A'a. Wannan maye yana da zaɓe.

Ku samo guda, ku jera kaya bisa tabarma, ku gwada. Ƙusa, allura, reza, ruwan gatari, bakin hauya, duk za su manne. Gwangwanin tumatir zai manne. Kwanon nan mai fenti da mata ke jerawa a ɗaki shi ma zai manne, don a ƙarƙashin fentin baƙin ƙarfe ne. To, ku kai shi jikin tukunyar alminiyom, irin wadda ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai. Shiru. Gwangwanin lemu, shiru. Jar wayar lantarki, shiru. Icce, roba, takarda da kwalba kuwa, ba a ma maganarsu.

Ashe baƙin ƙarfe ne abincinsa, da duk abin da aka yi da shi. Akwai wasu ƙarafa biyu da yake kamawa, nikel da kobal, sai dai ba mu cika ganinsu su kaɗai ba.  Amma zinariya, azurfa, jan ƙarfe, tagulla, dalma da alminiyom, ba ruwansa da su. Cokulan nan masu ƙyalli da ba sa tsatsa, wasu na mannewa, wasu ba sa yi. Haɗinsu ne ya bambanta.

Ina amfanin sanin wannan? Babba ne, musamman gare ku mata.

Mace ta yi shekara tana zubin adashe, ko ta sayar da tunkiyarta, don ta saya wa ɗiyarta ƴan kunne ko sarƙar zinariya ta aure. Ga kaya na walƙiya a hannun mai talla, ga rantsuwa. Kafin ki kwance bakin zane, kai mayen ƙarfe jikin sarƙar. In ta yi tsalle ta manne, ki riƙe kuɗinki. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinariya, kuma ba da jimawa ba zai koɗe. Ki dai gwada tsakiyar sarƙar, ba maɓallinta ba, don maɓalli kan zo da ɗan ƙarfe a ciki ko da sarƙar ta gaske ce.

Amma ku saurara da kyau, nan ne ake cutar mutane. In sarƙa ba ta manne ba, wannan bai nuna zinariya ce ba. Tagulla ma ba ta mannewa, ga ta rawaya kamar zinariya, kuma da ita ake yin jabu da yawa. Mai wayo ma shi da kansa zai fiddo mayen ƙarfe daga aljihu ya ce: "Duba, Hajiya, bai kama ba!" Kar wannan ya rufe miki ido. Ki kai kayan wurin maƙerin zinariya da kika yarda da shi. Shi ne zai goga su a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya faɗa miki gaskiya. Haka azurfa take.

Masu sayen tsoffin ƙarafa sun daɗe da sanin wannan sirri. Abin da bai manne ba, kamar jan ƙarfe da alminiyom, ya fi baƙin ƙarfe tsada a kilo. In za ku sayar, ku ware su tun daga gida, kar a auna muku duka a kuɗin baƙin ƙarfe.

Aikin gida: kowa ya gwada abubuwa 10 na gidansa, ya rubuta sunayensu layi biyu, masu mannewa da marasa mannewa. Wanda ke da maƙwabci maƙeri, ya tambaye shi ya gwada ƙarfen da ya yi ja wur cikin wuta. In zafinsa ya wuce digiri 770, mayen ba ya kama shi sai ya huce. Maƙerin zai yi gwajin da awartaki, ba ku da hannunku ba.