Darasin Kimiyya: Me Ke Hana Ruwa Sanyaya Injin Jirgin Jet?

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan zafi ne da ruwa da matsi, kuma za mu ɗauki misali daga jirgin ruwan da ake kira jirgin jet. Shi wannan jirgi ba shi da farfela a waje. Wani manomi ɗan ƙasar Niyu Zilan, Bill Hamilton, shi ya kai shi ga nasara a shekarar 1954, saboda kogunan yankinsu ba su da zurfi kuma cike suke da tsakuwa, farfela na shiga sai ta karye. Jirgin yakan zuƙo ruwa ta wata kafa a ƙarƙashinsa, farfelar da ke ɓoye cikin bututu ta matsa shi, ya fita da ƙarfi ta siririn baki a baya. Ruwa ya yi baya, jirgi ya yi gaba, dokar Niyuton ta uku ke nan. A 1960 irin waɗannan jirage suka haura Kogin Kolorado ta cikin kwazazzabon Grand Canyon a Amurka.

Daga ina ruwan sanyaya inji yake zuwa?

Injin fetur ba ya mayar da duk ƙarfin man da ya ƙona zuwa aiki. A ƙiyasi, kashi ɗaya cikin uku ne ke juya ƙarfe, kashi ɗaya ya bi hayaƙi, ragowar ya zama zafi a jikin inji, kuma dole a kwashe shi. Mota tana da lagireto da fanka. Yawancin jiragen jet kuwa ba su da su, ba su ma da famfo na daban mai ɗebo ruwan kogi. An huda jikin famfon tuƙi ne a bayan farfela, inda matsi ya fi yawa, aka jona tiyo. Ruwa ya bi tiyon, ya ratsa mataci, ya zagaya jikin inji da bututun salansa, sannan ya koma kogi. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ƙashin bayan darasin: famfon da ke tura jirgi shi ne ke shayar da inji. Abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

Akwai jiragen da ruwan injinsu a rufe yake, kamar na Sea-Doo masu injin Rotax, inda farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin jirgi yake miƙa zafi ga kogi. Ko a irin waɗannan, salansa ruwan famfo take sha.

Bari mu yi lissafi

Kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ya sha kilojul 4.18. A ce inji yana zubar da zafin kilowat 100, wato kilojul 100 a kowace daƙiƙa, muna kuma son ruwa ya ƙara digiri 20 kawai. Mu raba 100 da 4.18 sau 20. Amsa kilo 1.2 a daƙiƙa, kimanin lita 72 a minti. Idan kogi yana digiri 25, ruwa zai fito a 45. To yashi ya toshe hanya, ruwa ya koma lita 36: zai fito a 65. Ya koma lita 18: lissafi ya ba mu 105, ma'ana ya tafasa. Tururi kuwa ba ya kwashe zafi kamar ruwa, daga nan ƙarfe sai ya fara gasuwa.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi famfo. Matsin da farfela ke bayarwa yana tafiya ne da gudunta sau kansa. Idan inji ya sauko daga juyi 4,000 a minti zuwa 1,000, gudu ya ragu sau huɗu, matsi kuwa ya ragu sau goma sha shida. Shi ya sa tambayar farko da gwani zai yi wa mai jirgi ita ce: yaushe yake zafi? In a sulo ne kaɗai, a zargi raunin matsi: farfela ta cinye, tiyo yana yoyo, ko an ƙunshe bawul ya yi yawa. In sai an taka totur ne allurar zafi ke hawa, hanya ce ta ƙuntata, tana wuce da ruwan da ya ishi ƙaramin zafi amma ta gaza wa babba.

Bin sawun ruwa

Ba a gyara da kame-kame. Ana bin ruwa ne daga inda ya shiga har inda ya fita. Jirage da yawa, irin na Yamaha, suna da 'yar kafa a gefe da ke tsartar da ruwa don direba ya gani. In ta yi shiru a duba ta, amma kada a yanke hukunci da ita kaɗai, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya takan toshe ta alhali inji yana shan ruwansa.

A fara da ragar mashiga. A kashe inji, a zare makulli, sannan a kai hannu. Ciyawa ko leda ko igiya in suka manne, matsi a gaban farfela yakan faɗi har ruwa ya rinƙa kumfar tururi ba tare da wuta ba. Alamarsa ba ta ɓuya: inji yana ihu, jirgi yana karkarwa, amma ba ya gaba. Haka ma in zoben da ke kewaye da farfela ya cinye, ruwa sai ya rinƙa zurarewa baya ta ratar.

Sai mataci, kuma nan ne yashi ke ɓarna. Famfon jet yana zuƙo abin da ke ƙasan kogi, shi ya sa kamfanoni ke gargaɗin kada a tayar da inji a ruwan da bai kai santimita 60 zuwa 90 ba. Ku buɗe murfin mataci bayan jirgi ya ɗare kan tudun yashi, za ku tarar da shi danƙare da yashi da gutsattsarin katantanwa. Yashin da ya tsallake mataci yakan kwanta a ƙasan ramukan inji. Daga nan a cire tiyo ɗaya bayan ɗaya, ana duba inda ruwa ya yanke. Tsohon tiyo yakan ɓare daga ciki ya rufe hanya, a waje kuwa lafiya lau. Wanda ke da ma'aunin zafi na haskawa, ya bi jikin inji da shi: inda zafi ya yi tsalle, toshiyar tana kusa.

Tamostat gwajinsa ba wuya. A jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'auni, a ga ko zai buɗe a digirin da aka buga a jikinsa. Na injin da ruwan teku ke ratsawa kai tsaye yakan buɗe wajen digiri 60, don in zafi ya haura haka gishiri da farar ƙasa sukan daskare a hanyoyin ruwa. Ɗabi'ar nan ta cire tamostat a yar, wadda bakanikenmu suka saba yi wa motocin Kwatano, a nan ɓarna ce tsantsa. Inji zai zauna da sanyi, ya ƙara shan mai, ya kuma tsufa da wuri.

Yawan ruwa ma cuta ne

Tsofaffin jiragen Amurka da aka ɗora wa injin mota a kan famfon Berkeley sun san wannan. An ƙera hanyoyin ruwan injin mota ne don matsin kimanin bar ɗaya, kusan nauyin kilo ɗaya a kan murabba'in santimita, famfon jet kuwa yana iya ninka haka sau da yawa. In babu bawul mai rage matsi, ruwa zai keta gasket. A zaro sandar awo, sai a ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

A kan tudu ma ana lalata inji da ruwa. In za a wanke hanyoyinsa da tiyon famfon gida, a tayar da inji tukuna sannan a buɗe ruwa, in an gama a rufe ruwa sannan a kashe inji. Hayaƙi ne ke korar ruwa daga salansa. In babu shi, ruwa ya koma cikin silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa: fistin na tahowa sai kwanarod ya lanƙwashe. Dalili ɗaya ne ya sa ake matse tiyon shiga in za a ja jirgin da ya mutu da gudu.

Ga aikin gida. Inji yana zubar da zafin kilowat 60, ruwan kogi yana digiri 28, ba a kuma son ya fito sama da 53. Lita nawa ake buƙata a minti? Ku nuna kowane mataki, ku kawo a darasi na gaba.