YADDA AKE SA WA SHAFIN INTANET RIGA

Ɗalibai sukan tambaye ni ko makaranta irin tamu za ta iya mallakar shafi a intanet ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba. Za ta iya, kuma ku ne za ku gina shi.

Shafi iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗawa sai mai karatu ya buɗe, kamar ƙwan mai shayi da ba a soyawa sai an tambaya. Akwai kuma wanda aka gama haɗawa tun da wuri, kamar burodin da ke kan teburinsa. Na biyun ya fi saurin buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Cikin manhajojin da ke haɗa irinsa akwai Jekyll, wadda Tom Preston-Werner ya fitar a 2008, da Hugo, wadda Steve Francia ya fara a 2013. Hugo za mu bi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: rubutu daban, kamannin shafi daban. Kamannin, wato launi da girman haruffa da inda sunan makaranta zai zauna, shi nake kira riga. Mutum yakan canza riga, amma shi ɗin ne dai. Haka labaranku suke.

Na farko, bayan kun saka Hugo a kwamfuta, ku rubuta umarnin "hugo new site makaranta". Zai buɗe muku foldoji.

Na biyu, ku zaɓi riga mara nauyi, misali Ananke, ku sa ta cikin foldar "themes".

Na uku, ku buɗe fayil ɗin "hugo.toml", ku rubuta sunan rigar, da sunan makaranta, da cikakken adireshin shafin a layin "baseURL".

Na huɗu, ku zuba labaranku cikin foldar "content", sannan ku ba da umarnin "hugo server". Shafin zai bayyana a kwamfutarku kaɗai. A nan ake gyara kurakurai.

Na biyar, umarnin "hugo" zai tara shafukan da aka gama cikin foldar "public". Su ake ɗorawa a GitHub Pages, inda ake ajiye irin wannan shafi kyauta.

Ku kula da mataki na uku. Ranar da na fara wannan aiki ban cika adireshin ba. A kwamfutata komai ya yi kyau, domin lokacin gwaji Hugo takan yi amfani da adireshin kwamfutar. Da na ɗora, sai shafin ya fito tsirara, ba launi ba tsari, ga shi na riga na sanar da malamai. Layi ɗaya ne ya jawo mini wannan kunya.

Kada kuma ku yi gyara a cikin rigar kanta, don ran da aka sabunta ta aikinku zai ɓace. Ku kwafi fayil ɗin zuwa foldarku ta "layouts", ku gyara a can.

A ƙarshe, abin da aka ɗora kowa a duniya yana iya gani. Kada ku sa lambar wayar kowa, ko hoton ɗalibi ba da yardar iyayensa ba. Ku bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.